Kun Gyara Zuciyata, Amma Ba Ku Yi Mini Bayani Ba

Zuwa ga Shugabar Sashen Ciwon Zuciya, Madam Dokta.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da ma'aikatanki. Yaya gajiyar aiki? Ni ne dattijon nan ɗan Maraɗi da ke zaune a unguwar Minguettes, wanda ya yi ritaya daga masana'anta a Saint-Fons.

Da farko, godiya. Na zo muku zuciyata tana bugu ba tsari, magani ya kasa, aikin farko kuma bai riƙe ba. Sai kuka aika hoton zuciyata Paris, masana suka gina irinta cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, suka yi ta gwaji a kanta har suka gano wuraren da ke haddasa rikicin. Nan kaɗai kuka ƙona, da siririyar waya ta jijiyar cinya. Yau ko asansar, na'urar da ke kai mu sama, ta lalace ina hawa bene da ƙafata, bana kuma a tsaye na yi tarawihi.

Na biyu, kukana. Duk wannan bayani ba a bakinku na ji shi ba. Ɗiyata Rabi, da ke karatu a Paris, ita ta zo bayan an gama ta warware mini. Faransancina na masana'anta ne, ba na likita ba; na sa hannu a takardar aikin ne don na yarda da fuskarki. Matata Hadiza kalma biyu ta tsinta: zuciya da Paris. Ta ɗauka za a ciro zuciyar a kai ta can. Ta bi dangi a waya tana neman mini gafara.

Na uku ya fi ciwo. Maƙwabcina Alhaji Mahamat, ɗan kasuwa daga Cadi, ciwonmu ɗaya. Da ya ji za a ƙona zuciya, bai sake komawa randebun ganin likita ba, har magani ya bari. Na lallashe shi, ya ce in faɗa masa yadda abin yake, lokacin kuwa ban sani ba. Yanzu ɓarin jikinsa ya shanye. In na je gaishe shi, hannuna kawai yake riƙewa.

Madam Dokta, ga roƙona. Ku samo tafinta kafin mutum ya sa hannu. Ku juyo masa allon na'urar ya ga tasa zuciyar, shi da iyalinsa. Gani ya kori ji. In babu tafinta, ku kira ni. Ba ni da aikin yi, ina jin Hausa da ɗan Larabcin Cadi, zan zauna da mai tsoro har hankalinsa ya kwanta.

Allah ya ƙara wa hannunki albarka, ya raya miki zuriya, ya ba Alhaji lafiya.

Wassalam.

Naki, Malam Isufu, Minguettes.