Zanen da ke Bayan Gingimari

Karachi, ranar Talata

Bhai Tanwir,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan alheri. Yaya mahaifiyarmu Ammi da ciwon gwiwarta? Yaya matarka Bhabi Nuzhat da yara? Kai kam ba zan tambayi lafiyarka ba, na riga na ji. Tunda ka ƙi ɗaukar wayata, ga takarda, in ka ga dama ita ma ka ƙi buɗewa.

Wallahi Bhai, raina a ɓace yake. Jiya ina cikin bas zan tafi aiki, wata gingimari ta sha gabanmu, sai ga zanen aikin bincikena a bayanta, ƙato, tsakanin ɗawisu biyu, da murɗe-murɗensa da kibiyoyinsa shuɗi da ja. Ko daga nesa na san hannunka, duk masu fentin motoci na garinmu Pindi ba mai jan layi irin naka. A ƙasa ka rubuta wai ƙanwarka Shagufta ta samo maganin rawar jiki. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na kira Bhabi, sai ta ƙara mini da wadda ta fi: tun ranar da Ammi ta raba alewar laddu a unguwa don murnar labarin ka daina shan maganinka, wai Hakim Sahib mai maganin gargajiya ya ce a wanke jiki daga tsohon magani kafin sabo ya iso.

Wane sabo? Yana ina? Bari in sake faɗa maka, ko wannan karon zai shiga. A jikin kowa akwai wani furotin, Parkin sunansa. Aikinsa irin naka ne in an kawo tsohuwar mota: ya zagaya ya sa wa duk abin da ya ruɓe alama, don masu shara su kwashe. Naka ba ya sa alamar, shara ta taru a ƙwaƙwalwa, shi ya sa hannunka ya fara rawa tun kana saurayi. Abin da na yi shekara da shekaru ina fama da shi, ganin siffar sashe ɗaya ne na furotin ɗin, sashen da yake buɗewa kamar ƙyaure. Na ga inda naka ya cije. Shi ke nan fa! Ganin inda ƙyaure ya cije daban, buɗe shi daban.

Farfesanmu ne ya ja mana wannan masifa, shi ya kira 'yan jarida. Na same shi a ofis na ce, "Farfesa, a ina muka samo magani ban sani ba?" Ya kurɓi shayinsa ya ce, "'Yata, jarida ba ta cin gaskiya gaya, sai an sa mata ɗan gishiri." Na ce gishirin nan a idon yayana ya faɗa. Ko a jikinsa.

Don Allah, don Annabi, ka koma kan maganinka yau. Ba a yanke shi farat ɗaya, likitanka ya sha faɗa maka. Kana hawa tsani kullum, kana da 'ya'ya. Ka gaida kowa.

Ƙanwarka da ka ƙona wa rai,
Shagufta

Karachi, ranar Asabar

Bhai Tanwir,

Assalamu alaikum. Sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Yaya ɗinkin goshin? Yaya Bhabi da hidimar jinya?

To, ka faɗo daga tsanin, hankalinka ya kwanta? Bhabi ta ce ƙafarka ce ta sandare a matakala, da ba kan tulin tayoyi ka sauka ba da yanzu zaman makoki muke. Kuma an dawo da kai gida ka ci gaba da kau da kai daga maganin. Ta gaya mini abin da ka ce mata, kada ka yi mata faɗa, ni na matsa. Wai, "Ni ba jaki ba ne, na san ba magani yarinyar nan ta samo ba. Amma Ammi ta ɗora hannuna a kanta ta sa na rantse ba zan ƙara haɗiyar ƙwayar ba sai ta Shagufta ta zo. In na sha, na ce wa tsohuwa 'yarta maƙaryaciya ce ke nan."

Ashe ka sani! Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Wa ya roƙe ka ka rufa mini asiri da jikinka? Saboda kai na shiga wannan karatu, sai kuma a ce sunana ne ya jefo ka daga tsani? Bhai, ba ka kyauta mini ba.

Tunda mai ɗaurewa ita ke kwancewa, na kira Ammi. Na ce, "Ammi, ban samo magani ba. Mai yiwuwa har in mutu ban samo ba." Ina jin tukunya na tafasa a bayanta. Can ta ce, "To duk shekarun nan me kike yi a Karachi?" Na ce ciwon nake kallo. Ta ce, "Kallo. Ni ma ai kallonsa nake, ban je jami'a ba." Sannan ta ce ta yafe rantsuwar, ka sha abinka, ta kashe wayar. Na ji ta sauke jaridar da ta liƙa a bango, kuma tun ranar ita ma ba ta ɗaukar kirana. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Amma gara ta yi fushi da ni shekara guda da ta yi maka kukan rabuwa.

Yanzu ba ka da sauran hujja. Saura maganar motar. Ka sa a dawo da ita, ka shafe rubutun nan tas. Zanen kuwa ka bar shi, ya yi kyau, ban taɓa ganin aikina da kyau haka ba. Sai dai mutanen jaridar sun buga hoton a juye, kai kuma ka kwafa. Duk murɗin da ka zana hagu ya yi, alhali na jikin ɗan Adam dama yake murɗawa. Abin kunya, yana ta yawo daga Pindi har bakin teku.

Sai ka gyara shi, ɗaya bayan ɗaya, da ƙaramin burushi. Ban yarda kowa ya taɓa ba sai kai. Ka san hannun da ke rawa ba zai iya ba, kuma ka san inda Bhabi ta ajiye maganin.

Ka sumbaci hannun Ammi a madadina, ko da za ta janye.

Ƙanwarka,
Shagufta