Kwanso Uku a Aljihun Rigar Inna

Doha, Talata

Yaya Atine,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ya maigidan, ya su Kausar, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai kewarku. Kin ce kin gaji da sauraron surutuna a waya, to ga rubutu, ki yi haƙuri da shi.

Kin tambaya wai a wurin harbin nan ni ma harbin nake yi. Ina fa. Masu kuɗi ne suke zuwa su yi ta harbin takarda da ƙaramar bindiga don nishaɗi, in sun tafi mu share kwanson harsashin da ya zube. Aikina ke nan: in wanke a inji, in shanya, in ware. Mai tsaga a ajiye gefe, wanda ya lotse ma a ajiye gefe, mai kyau a kai wa masu sake cika shi. Akwai kala biyu da suke ba ni wahala, kamar Hassan da Usaini, ɗaya ya fi ɗaya tsawo kaɗan, sai kin karanta lambar da ke gindinsa. In na haɗa su Madam, sufabaizarmu, ta yi ta faɗa. Kuma ko ɗaya ba a fita da shi daga ginin, har hannu muka sa a takarda.

Albishirinki. Baba Ɗalhatu, direban nan ɗan unguwarmu, zai taho gida jibi, shekara uku rabonsa da iyalinsa. Na ba shi saƙonku: dabino, turare, da baƙar rigar sanyina da nake sawa a ɗakin aiki saboda sanyin esi, ita ta Inna ce. Ko buɗewa bai yi ba, ya cusa a jakarsa.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Muhsina

Alhamis, cikin jirgin ƙasa na metro

Yaya,

Sallama, ina fata kun tashi lafiya. Ni kam ban sani ba. A gurguje nake rubutu, in kin ga kuskure ki wuce.

Ranar Litinin na tsinci kwanso uku da lambarsu ta goge, na kasa gane kalarsu. Na sa a aljihun rigar sanyin nan don in tambayi Madam, na tarar ta shiga mitin, shi ke nan na manta. Ɗazu na sake samun wani irinsu, hannuna ya tafi aljihu da kansa, sai na tuna rigar tana jakar Baba Ɗalhatu.

Yaya, jirginsa ƙarfe biyu ne. Na bincika a waya, abin da na gani ya fi ƙarfina. In na'urar binciken kaya ta nuna su, ba ruwan kowa da cewa babu komai a ciki, harsashi za su kira shi, kuma mai jaka za a riƙe. Dattijon da jiya yake nuna mini takalman da ya saya wa jikokinsa a kasuwar Souq Waqif.

Na kira shi sau goma sha ɗaya, a kashe. Ashe layin na kamfani ne, ya mayar musu. Na ce wa Madam cikina ke ciwo na fito. Saura tasha huɗu in isa filin jirgi. Kar ki kira ni, cajina saura kaɗan. Ki yi addu'a kawai, kuma kar Inna ta ji.

Muhsina

Alhamis, bayan la'asar

Yayata,

Assalamu alaikum, ya hankalinki? Na ga kiranki, yanzu na samu caji.

Na same shi a layin awon kaya, mutum huɗu ne a gabansa, an riga an naɗe jakar da leda. Layin cike da 'yan gida, ban iya furta kalmar ba. Na rubuta a waya na miƙa masa. Ya karanta sau biyu, na ga leɓensa yana motsi. Ya ja jakar muka koma gefe, ya yaga ledar da mukulli, kayan jikokinsa suka zube a ƙasa. Rigar tana can ƙasan jaka.

Muna cikin haka wani mai tsaro ya tsaya a kanmu, ya tambaya ko lafiya. Baba ya ce masa ni 'yarsa ce, ya haɗa da rigata bisa kuskure. Na zura ta a kan abayata, ina jin su uku suna taɓa cinyata. Mutumin ya daɗe yana kallona, sannan ya ce yalla, mu kwashe kaya daga hanya.

Na durƙusa ina ba Baba haƙuri, ko kallona bai yi ba, ya koma ƙarshen layi.

Na yi tunanin in zubar da su a kwandon shara, amma ko'ina kyamara ce. Na koma wurin aiki da rigar a jikina cikin zafin nan, na ajiye su a teburin Madam, na faɗa mata gaskiya har da ƙaryar ciwon ciki. Ta karɓi katina na aiki, ta ce in zauna a gida sai Lahadi. Ban san me za su yanke ba, wallahi kuma ba shi ne a raina ba. Idona na kan waya, ina jiran Baba ya kama wayfay.

Biyu saura kwata ya turo hoto. Tagar jirgi ce, ba rubutu ko ɗaya. A nan bakin titi na zauna na yi kukana.

Don Allah gobe ki je gidansa da kanki, ki durƙusa a madadina. Ki ce wa Inna rigarta tana wurina tukuna, amma tana tafe.

Taki har kullum,
Muhsina