Magaryar Yaya Larai

Goron Dutse, Kano

Zuwa ga Yaya Larai,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar jikinki da lafiyar ɗanki Aminu da iyalinsa a Kaduna. Allah Ya sa ciwon kaffara ne.

Saƙonki ya iso ni, tare da makullin lambun bayan gidanmu da kika ce in riƙa ba shi ruwa. Na shiga. Na shaida aikinki na shekara goma sha ɗaya: kurna da kanya da aduwa da kika ɗebo iri daga jeji, sabara da kalgo a gindin katanga, ƙudan zuma suna shawagi a furannin ɗoɗɗoya. Kangon da muka sani juji ne ya koma tamkar dajin kakanninmu. Na zauna har na ƙoshi da kallo, sannan na buɗe wa awakin maƙwabcinmu Mikail ƙofa. Abin da suka gaza kaiwa, masu faskare suka gama da shi ranar Laraba. Har baiti ya zo mini:

Kurna ta faɗi, kanya ta bi ta,
Mai shukar na nesa, wa zai gaya mata?

To ni ne, Yaya.

Ko kin tuna asubar da matata Zuhra ta cika? Mata suka zo neman ɗanyen ganyen magarya na wankan gawa, kamar yadda kowane gida yake bayarwa ba tare da an roƙa ba. Kika tsaya a ƙofar lambun, kika ce itaciyar ƙarama ce, tsinka zai kashe ta. Gawar uwar 'ya'yana ta jira a kan tabarma har hantsi, aka dawo daga kasuwar Kurmi da busasshen gari a ƙullin leda. Ban ce miki komai ba. Shekara shida ke nan.

Aminu ya gaya mini abin da likita ya ce, da wasiyyarki cewa a wanke ki da ganyen magaryarki. Ita ce na sare da hannuna, na ƙone kututturen. Garin magarya yana nan a Kurmi. Ya wadatar da Zuhra, zai wadatar da ke.

Ki gaida Aminu. Allah Ya sa mu cika da imani.

Ƙaninki,
Ɗalha