Ko Ƙwayoyin Daddawa Za Su Ci Leda?

Anti mai shawara, ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Daddawa nake yi a wani ƙauye kusa da Buji. Duk rani maigidana yakan sa a kwaso mana sharar bola daga Dutse don takin gona, amma yanzu rabinta leda ce. Bara akuyata mai ciki ta yi kiwo a gonar, ta yi ta rama har aka yanka ta, sai ga dunƙulen leda a tumbinta. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Zulfa, 'yar ƙanwata da ke jami'a, ta ce masana sun gano wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu cin roba. Wai danginsu ne ma ke nunar mini da kalwa. Na ce ashe da ma'aikata a gidana! Na haƙa rami, na zuba sharar, na kwarara ruwan daddawa, na lulluɓe da buhu yadda nake lulluɓe kalwa. Bayan wata huɗu na tona, na tarar ledar tana marmashewa. Maigida ya ce wari kawai na tara masa, ga hadari ya fara haɗuwa, zai kwashe takinsa. Shin ƙwayoyin ne suka ci ledar? In bari a watsa shi a gona? Awaki biyu suka rage mini.

Mai Daddawa

'Yar'uwa, kin burge ni. Wanda ya yi miki dariya, tambaye shi me ya taɓa gwadawa.

Zulfa ta yi gaskiya, akwai su. Sai dai kowace ƙwaya da abincinta. Waɗanda aka gano, robar gorar ruwa suka fi ci, a hankali, a ɗakin bincike. Naki kuwa kalwa suka sani. Ledar nan da alama rana ta riga ta gasa ta tun a bola. Ba cinye ta aka yi ba, gutsuttsurewa ta yi, kuma gutsure ya fi wuyar tsincewa.

Maigida ma da hujjarsa, damina ba ta jira. Ku tankaɗe takin da ragar waya kafin a kai gona. Ledar a ƙulle ta a buhu, kada a ƙona, hayaƙinta guba ne. Ki ɗebi ƙasar ramin ki ba Zulfa ta kai wa malamanta, wa ya sani?

Kafin masana su gama, hannunki ne zai tsare awakin nan biyu. Allah ya sa baɗi su zama shida.