Ba Sabulun Ba Ne

Litinin, 3 ga Maris

Ƙuraje jajaye sun feso mini a ƙirji da wuya, ƙaiƙayi kamar in yage fatar. Maman 'yan biyu ta duba ta ce sabon sabulun wankin da ta sayo ne. Na ce mata wataƙila.

Talata, 4 ga Maris

Ba sabulun ba ne, kuma na sani. Sati uku ke nan da likitan asibitin da nake zuwa a ɓoye, can ƙarshen gari, ya canza mini maganin farfaɗiya. Ya ce in na ga ƙuraje in dawo nan take. Da kunnena na ji.

Shekara bakwai da aurenmu, matata ba ta san ina da wannan ciwo ba. Rabona da faɗuwa tun kafin in san ta, sai na ce me ya kai ni tono. A shagon ɗinkina nake ajiye ƙwayoyin, cikin gwangwanin maɓallai. Kwalin tun a ƙofar asibiti nake yaga shi, ko sunan ba na tsayawa karantawa. Ƙwayar fara ce, mai tsaga a tsakiya. Iyakar ilimina ke nan.

Laraba, 5 ga Maris

Na dawo na tarar ta sake wanke komai da hannu. Zannuwan gado, rigunana, kayan yara, har labule. Ɗauraya huɗu-huɗu. Tsakanin yatsunta duk ya saɓule. Ta ce, “Ka yi haƙuri, Baban 'yan biyu, arhar da na bi ce ta jawo maka.”

Ni kuma, ƙaton banza, na ce ba komai.

Alhamis, 6 ga Maris

Riga mai dogon hannu, maɓalli har wuya, cikin wannan zafi. Ina auna kafaɗar wani mutum ya ga bayan hannuna, ya ja da baya, ya ce zai dawo. Ba zai dawo ba.

Da yamma na daɗe riƙe da ƙwayar. In na daina, in faɗi a gaban mutane ina kumfa. In na sha, ga abin da take yi mini. Na sha.

Juma'a, 7 ga Maris

Ta matsa sai da muka je ƙaramin asibitin unguwa. Likitan ya tambaye ni ko akwai maganin da nake sha. Na ce babu. Ya sake tambaya, na bature ko na gargajiya, ko da sau ɗaya ne? Kafin in buɗe baki ta amsa mini: “Shi ko na ciwon kai sai an yi da gaske yake sha, likita.” Da alfahari ta faɗa. Ya rubuta man shafawa da maganin ƙaiƙayi, ya ce in abin ya taɓa baki ko ido kada mu tsaya a nan, mu wuce babban asibiti.

A hanya ban iya kallonta ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Zazzaɓi. Leɓuna sun fashe, ruwa ma da ƙyar yake wucewa.

Laraba, 12 ga Maris

A gadon asibiti nake rubutun nan, tun Litinin aka kwantar da ni.

Likitar fata ce ta duba ni, wata dattijuwa mai gilashi, ba ta da wasa. Ta haska bakina, ta ɗaga fatar idona, ta ce, “Malam, wannan ba borin jini ba ne, ba kuma sabulu ba. Illar magani ce, jikinka bai karɓe shi ba. Kowace ƙwaya da ka ƙara sha, ƙara wa wuta mai kake yi. Irin wannan yana kaiwa ga ido, yana kaiwa ga rai. Me kake sha?”

Maman 'yan biyu ta fara, “Ai shi ba ya...” Likitar ta ɗaga mata hannu.

Yatsun matata nake kallo, sun fara ɓawo. Na ce maganin farfaɗiya nake sha, shekara goma sha biyar, sabon kuma sati huɗu. Muryar kamar ba tawa ba.

Likitar ko gezau. “Sunansa? Miligiram nawa?”

Ban sani ba. Wannan kunyar ta kusa fin ta farko. Ni da nake haddace awon mutum hamsin a kaina.

Sai da na ba matata makullin shago, na kwatanta mata gwangwanin. Ta je ta kawo. Mai ba da magani ya juye shi a faranti, yana tsince ƙwayoyi daga cikin maɓallai, wata nas tana danne dariya. Ya ce farar ƙwaya mai tsaga ta fi ɗari, ba a gane magani da fuska. Da lambar katina suka buga wa wancan asibitin waya. Ya rubuta mini suna biyu: na sama manya, sunan kamfani, na ƙasa ƙanana, sunan asalin sinadarin. Ya ce na ƙasan zan riƙe, don kamfani na iya canzawa, shi kuwa abin da ya ƙone ni yana nan cikin kowane kwali. Sun tsayar da shi, sun ɗora ni a kan wani a hankali.

Alhamis, 13 ga Maris

Sai yau matata ta yi mini maganar. Tana ninke zani, ba ta dube ni ba.

“Ciwo Allah ke kawo shi, ba zan ce komai a kansa ba. Amma kana zaune kana kallona ina neman gafararka.” Sannan ta ce, “Sau nawa ka saɓa yaran nan a kafaɗa ka haye bene da su? Da ka faɗi, ko abin da ake yi maka ban sani ba.”

 

Asabar, 22 ga Maris

Kwana huɗu da sallama. Fata na ta saɓa, idanu lafiya, alhamdu lillahi. An ba ni ɗan kati da sunan maganin da ba zan ƙara sha ba har abada. Tana ba ni abinci, tana ba ni magani kan lokaci, hira ce dai babu. Man shafawa da kaina nake yi, inda hannu bai kai ba in bar shi.

Talata, 25 ga Maris

Sabon kwalin a kan teburin falo ta ajiye shi, kusa da kofuna. Sau biyu na yi niyyar ɗauke shi, mantuwa dai ta hana.

Yayanta ya zo dubiya. Da shi da ɗan banzan bincikensa, ya ɗauki kwalin yana juyawa. “Wannan kuma na mene ne?”

Na ji ƙarar cokali ta tsaya a kicin.

Na ce na farfaɗiya ne, na daɗe da ita. Ya ce Allah ya ba da lafiya, ya ajiye, ya ci gaba da labarin motarsa da ta ƙi tashi. Shi ke nan fa.

Bayan ya tafi ta fito da kwalbar man a hannu. Fuskar nan a ɗaure, ta ce, “Cire rigar. Bayan nan naka duk ya bushe.”