Sandar Duba-gari a Tankin Inna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, sai dai raina a ɓace yake ranar, mai yiwuwa wani abin ya rikice mini.

Gidanmu yana wani gari tsakanin Gusau da Bungudu. Marigayi Baba ya gina tankin siminti a tsakar gida, indararo na zuba ruwan sama a ciki. Inna ba ta wasa da shi, ruwan farko ba ta tarawa, ta ce wankin kwano ne, sai rufi ya wanku take buɗe bakin tankin. Shi ke kai mu tsakiyar rani, maƙwabta ma suna ɗiba, don rijiyoyinmu zartsi ne.

Makon jiya 'yan duba-gari suka zo, wai ƙaramar hukuma ta ce a duba duk mai tara ruwan sama saboda sauro. Ban ga laifin wannan ba, ni ma na karanta haka a jami'a. Inna ta shige ɗaki, ni na raka su, wasu maƙwabta suka tsaya a zaure suna kallo. Babbansu na riƙe da sanda, da idona na ga ya tsokali kwatar da ke fitowa daga bayin maƙwabcinmu da ita, ko gogewa bai yi ba ya tsoma ta a tankin yana juyawa, wai tsutsar sauro yake nema. Da na yi magana ya ce, "Malam mai digiri, kai za ka koya mini aiki?" Ya nuna tsagin da ke murfin tankinmu, ya ce in ya dawo ya tarar da shi haka fasa tankin za a yi.

Damina ta wuce, in na kwashe ruwan sai baɗi. In na kai ƙara, ina tsoron maganar murfin ta ja a fasa tankin da Baba ya gina, ban ma tabbata dokar haka take ba. Inna ba ta sani ba, cewa na yi magani aka zuba, a dakata da sha. Yau da safe na tarar tana cika buta, ta ce ai magani ba ya hana alwala.

In faɗa mata, in kwashe, ko in kai ƙara? Maƙwabtan da suka tsaya a zaure ranar, in na yi kuskure ku aiko da gyara ta wajen admin. Zan fi kowa murna in wata sandar ce daban.