Kofuna Masu Bakin Zinare

Tanta, 4 ga Maris

Yaya Tahani,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya zafin Kuwait?

Na ɗauko Mama daga ƙauye tun da ta faɗi ta karye a ƙugu. Kin san gidan namu, ɗaki ɗaya namu, ɗaya na 'yarmu Rasha da ƙannenta uku, sai falon baƙi. Falon ne kaɗai rana ke shiga, amma maigidana Midhat ya ce atafau ba za a taɓa shi ba. Iyayen saurayin Rasha za su zo ganin gida, uban yaron kuma likita ne. Wai in suka tarar da gadon mara lafiya a tsakiyar kujeru masu ruwan zinare, me za su ɗauke mu? Ban yi wa mijina musu ba, don ni ma abin da ke raina ke nan. Na shimfiɗa mata katifa a lungun kicin.

Jiya ta tuno da kofunan tangaran da ke kabad ɗin gilashi, waɗanda ta sayar da 'yan kunnenta ta saya mini lokacin aurena. Shekara ashirin da shida ba a taɓa shan komai da su ba. Ta ce, "Afaf, zuba mini shayi a ɗaya mana, in ji ɗanɗanon 'yan kunnena." Na ce, "Haba Mama, hannunki fa rawa yake, kuma dozin ne cif. Bari baƙi su zo su tafi." Ta yi dariya ta ce, "To, Madam."

Wallahi na gaji, Yaya.

Ƙanwarki,
Afaf

Tanta, 2 ga Afrilu

Yaya Tahani,

Ina gaida ki, ya jikin ƙaramin naki?

Iyayen saurayin Rasha sun zo. Ko awa ɗaya ba su yi ba. Uwar yaron ta juya farantin kofin tana duba tambarin da ke ƙasansa, ta gyaɗa kai, Midhat kamar ya tashi ya yi rawa. Na saki labule a bakin lungu, Mama kuwa ta danne tarinta har suka fita, ba tare da kowa ya roƙe ta ba.

Za su dawo bayan Sallah a karanta Fatihar baiko, shi ya sa na wanke kofunan na mayar na kulle. Ba ta sake tambaya ba. Da zarar an gama, ni da kaina zan kai mata shayi a ɗaya.

A gaida kowa.

Afaf

Tanta, 19 ga Afrilu

Yaya,

Ya haƙurinmu? Allah ya jiƙan Mama. Na san ba ki samu jirgi ba, kada ki sa wa ranki damuwa.

Mun buɗe falon don masu ta'aziyya. Midhat da hannunsa ya yaye mayafan kujerun, wai kada a ce ba mu kyauta wa mutane ba. Kwana uku ana zuba gahawa marar sukari a kofunan nan. Matar mai kanti ta sha, mai wanki ta sha, har matan da ban san su ba. Maƙwabciyarmu Ummu Sabri ta saki ɗaya ya tarwatse, ta hau ba ni haƙuri. Na tsaya ina jira in ji zafi, ban ji komai ba. Share wurin kawai na yi.

Ashe kofi ne kawai, Yaya. Duk layinmu an sha da su, ban da mai 'yan kunnen.

Ki yi mata addu'a, ni ma ki sa ni a ciki.

Ƙanwarki,
Afaf